Lallasa Sai Daga Ci Uku

Litinin, 3 ga Maris

Yau na bar teburin wasanni na koma na siyasa. Gwaji ne, in ji Edita, zuwa bayan zaɓen magajin gari. Shekaru ina roƙon kujerar nan, kuma ba mai ɗaga ni daga kanta. Ƙafarta ɗaya ma gajera ce, na cusa mata tsohuwar jarida.

"Zafin bakin nan naki na ƙwallo nake so," ya ce. "Labaran siyasarmu sun koma kamar sanarwar rasuwa."

Laraba, 5 ga Maris

Aikin duk ɗaya ne. Kamfanin dillancin labarai ya aiko da Turanci, mu juya shi Hausa, mai karanta labarai ya shiga ya karanta. Amma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya: crush, wato lallasa.

A wasanni muna da ƙa'ida, ni da abokin aikina Dogo muka kafa ta tun muna sababbi. Tazarar ƙwallo ɗaya, an sha da ƙyar. Biyu, an doke. Sai daga uku ake lallasa, ko mai rubutun ya sa crush sau goma. A nan kuwa kowa crush. Kansila ya ba ɗan'uwansa amsa, crush. An kaɗa ƙuri'a kan gyaran kwata, crush. Ba alƙalin wasa, ba allon da zan duba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na tambayi Edita, ci nawa ne lallasa a siyasa? Dariya har da buga tebur. Ni ba wasa nake ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na leƙa Kawu a shagonsa na gyaran fanka. Ya lulluɓe ƙofar da hotunan tsohon hedimasta, wanda ke takara da magajin gari mai ci. Hedimastan abokinsa ne tun suna yara. Ya ce, "'Yar nan, yanzu ke ce bakin gari, ki riƙa aunawa." Na ce Kawu, ni da ma'auni na zo.

Asabar, 15 ga Maris

Zaɓe. Ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Mai ci ya koma. Hamsin da uku cikin ɗari, hedimasta arba'in da bakwai. Labarin ya iso, ga crush ɗin nan zaune a layin farko kamar gidan ubansa. Na rubuta "ya yi nasara da ƙaramar tazara".

Edita ya tsaya a kaina da biro. "Sa lallasa."

Na ce Oga, wannan a fili biyu da ɗaya ne.

"Nan ba fili ba ne. Mutane so suke su ji an yi wani abu."

Na ce sunana ne a ƙasan takardar, ba zan sa ba. Ban janye ba. Ya zare takardar, ya gyara da hannunsa. Ƙarfe shida ina zaune na ji ta ta fito daga lasifikar bango: ya lallasa.

Talata, 18 ga Maris

Mama ta kira, wai Kawu bai buɗe shago ba tun jiya. Magoya bayan mai ci sun yi ta wucewa a kan babura suna rera "an lallasa, an lallasa", har da ajiye masa bulala a bakin ƙofa. Ba su taɓa shi ba. Wai wasa ne.

Na same shi a tsakar gida, ya jingina da bango, hularsa a gwiwa. Na fara rantsuwa ba ni na rubuta ba, ya ɗaga hannu.

"Na sani. Amma ku a ƙwallo, in an lallasa mutum, Asabar mai zuwa akwai wani wasan. Mu fa sai bayan shekara huɗu, kuma layinmu ɗaya da su."

Na ji kunya, na ji tausayi, na tafi.

Laraba, 19 ga Maris

Wani crush ɗin ya zo, kan zaɓen kansiloli. Na sake rubuta lambobin kawai. Gobe ma haka zan yi.

Juma'a, 21 ga Maris

Gwaji ya ƙare. Edita ya ce ni ƙwararriya ce, amma "siyasa ba lissafi ba ce". Na kwashe kofina da birona na koma gefen Dogo. Ban yi kuka ba sai a bayi, shi ma kaɗan. Zan sake nema, ya ji da kyau.

Asabar, 22 ga Maris

Filin wasa. Biyar da nema. Ko a ƙa'idata wannan lallasa ce, har da ƙari.

Bayan an tashi, mai tsaron ragar da aka zura wa biyar ɗin bai bi 'yan'uwansa ba. Ya zauna ya jingina da turke, safar hannunsa a gwiwa. Na daɗe ina kallonsa, ban san dalili ba.

Dogo ya karanta rahotona, ya ɗago. "Doke? Biyar fa. Lafiyarki kuwa?"

Na ce lokacin shirin ne ya yi kaɗan.