Igwar da ke Ƙirjin Riga

Ƙanena Sadisu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Landan, ya Maryam da yara? Mu nan Ajingi lafiya lau, an gama cire gyaɗa.

Rigar ƙwallon da ka aiko min ta iso. Ranar Juma'a na sa ta na je gaida Baffa, sai ya ƙura wa ƙirjina ido ya ce, "Wannan igwar fa? Soja ka shiga?"

Na yi dariya, na gaya masa ma'aikatan masana'antar makamai ne suka kafa ƙungiyar a wata unguwa kudu da kogin Landan. Daga baya ta yi ƙaura zuwa arewa, ta tafi da igwar a tambarinta.

Ya ce, "Sun koma kuwa?"

Na ce a'a, sun fi shekara ɗari a can.

Ya ce, "Ashe ƙwallo ma tana barin kufai." Da la'asar sai ga shi yana share ɗakinka da kansa, ya hana kowa karɓar tsintsiyar.

Ka gaida mutanen gidan, ka sa mu a addu'a. Don Allah ka kira Baffa, Sadisu. Ya ce muddin yana numfashi, ɗakinka ba zai zama kufai ba.

Yayanka,
Habu