Dokin Katakon Mokola

Sabo, Badun

Yaya Nata'ala,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau nake.

Wai Ya'u direba ya cika wa 'yata Indo kunne da labarin lilon injin nan na unguwar Mokola, har tana kukan a kawo ta da Sallah? Maƙaryaci! Na je na hau. Dokin katako ne, ko linzami babu. Ya yi ta juyi da ni har amalar da na ci ta dawo, ya sauke ni inda ya ɗauke ni. Mai abin har da nuna mini lasisi, sai ka ce takarda na maganin jiri!

Kada ka kawo ta. Tun da yaƙi ya taɓa cinikin goro, a shagon maigidana nake kwana, bencin kuwa na mutum ɗaya ne. Ka ce mata dokin ba shi da lafiya, sai baɗi.

Ƙaninka,
Dabo