Jar Takarda a Ƙofar Marwan

Iyatu, Allah ya kama Marwan! Cikin murna da sauri nake rubuto miki, ki yi haƙuri da rubutun. Assalamu alaikum, ƙanwata. Ina fata kina lafiya, ke da Malam Dawuda da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu ma a unguwarmu ta Rusaifa, nan ƙasa mai tsarki, lafiya lau.

Marwan shi ne mai shagon kayan dabbobi a bakin layinmu. Bara jikata Kausar ta tsinci 'yar kyanwa, ta shaƙu da ita har ba ta cin abinci sai ta ba ta. Marwan ya sayar mana da takardar ta'min, wato inshora, ya ce duk ranar da kyanwar ta yi ciwo kamfani zai biya likita. Da mota ta take wa kyanwar ƙafa na kai masa takardar. Ya ce ba ta shafi kyanwar titi ba, alhali ya san inda aka samo ta. Da na matsa, ya yi mini dariya a gaban mutane, ya ce takari ba ya taka ofishin hukuma, in na isa in je. Kafin mu haɗa kuɗin aiki kyanwar ta mutu. Kwana uku Kausar tana kuka.

Ya saba da mutanenmu marasa iƙama, wato takardar izinin zama, masu haɗiye cuta saboda tsoron kamu. Bai san tawa tana da rai ba. Kuma tun ajin yamma na yaƙi da jahilci da na shiga da furfurata, ban taɓa yar da takarda ba. Abdurrahim, uban Kausar, ya ɗauki hoton takardar ta'min ɗin ya tura wa hukumar da ke lura da inshora. Suka kira ni, na je. Ashe ba shi da izinin sayar da ta'min, kamfanin ma babu shi a duniya! Shekaranjiya suka garƙame shagon, suka manna jar takarda a ƙofa.

Ya aiko a ba ni haƙuri, na ce ban yafe ba. Jiya da la'asar na kai kujera gaban shagon na sha shayina, duk wanda ya gifta sai na faɗa masa dalili.

Ki gaida Rabi'atu da Awwalu da Tsoho. Ku zo Umara da azumin nan, dukanku. Daga Harami sai ƙofar Marwan, ku gani da idanunku.

Yayanki,
Ɗan'azumi