Igiyar da Nura Ya Dawo da Ita

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Ya ƙafar Inna, ta yi sauƙi? Mu nan Bronx lafiya lau, sai kewarku.

Ɗanki Nura ya dawo daga tafiyar da makarantarsu ta kai su a jirgin ruwa irin na da, mai manyan ƙyallaye, wanda iska ke turawa. Yaya, ba yaron da na sallama ba ne ya dawo. Wanda ko cokali ba ya ɗaurayewa, yanzu shi ke wanke tukwane, ya goge ɗaki, ya tashi asuba ba a tashe shi ba. Babansa sai murna, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Jiya ina gyara gadonsa na tsinci guntuwar igiya a ƙarƙashin matashi, duk an ƙulle ta. Na kuma sha ganinsa yana ƙulli yana motsa baki. Da na tsare shi, dariya ya yi.

"Mama, haka ake ɗaure ƙyallen jirgi. Bita nake kada in manta."

"Wa ya ba ka igiyar?"

Ya sunkuyar da kai. Wai wata yarinya ce da suke jan igiya tare.

Don Allah ki sa Malam ya saka shi a addu'a, amma kada Inna ta ji. Ki gaida Baba Ƙarami da yara.

Jakar da na aiko miki, shi ya ɗaure ta. Kada ki kwance da hannu, ki sa wuƙa.

Ƙanwarki,
Hadiza