Itacen Inna Zai Jira

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Agadas? Ya Alhaji da yara, ya ƙafarki? Mu nan Matameye lafiya lau, ana ta noman fari.

Yaya, ina da ciki. Da Inna, uwar mijina, ta gane, sai ta ce ai na bara ne da na yi ta zubar da jini a kansa. Wai bai fita ba, kwanciya ya yi, yanzu ya tashi. Har ta sa an jibge itacen wankan jego a bayan ɗakina, wai haihuwa ta kusa.

Ni ma na so in yarda, don wancan bai bar raina ba. Amma a matanite, asibitin haihuwa, ungozoma ta sa aka ɗebi jinina, aka auna sinadarin da ciki ke saki. Ta ce sabo ne, bayan dawowar maigidana Malam daga cin rani ya shiga. Ainihin ranar kam, ta ce awo ba ya nunawa.

A hanya na yi kukan na bara, na iso gida raina fes. Da na faɗa wa Inna ba ta yi musu ba, ta dai lulluɓe itacenta da leda saboda ruwa.

Ki gaida Alhaji da yara. Ki roƙa mini Allah wannan ya zauna har a hura itacen nan.

Ƙanwarki,
Rabi