Kada Ka Tsaya wa Modu

Kawu Bukar,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna Falmata da yara. Yaya gwiwar taka? Mu nan unguwar Mairi lafiya lau.

A fom ɗin shiga aikin ɗan sanda an tambayi magungunan da na taɓa sha. Na rubuta gaskiya: tiramol, kwana tara, likita ne ya rubuta min bayan tiyatar afendis. Na haɗa da katin asibiti.

Da masu bincike suka zo unguwa, Modu maƙwabcinmu, wanda muka nemi aikin tare, ya ce musu, "Wannan ai ɗan ƙwaya ne, da idona na gani." Bulama, mai unguwarmu, ne ya faɗa min. Da na ɓoye, da shi ke nan. Sun duba katin, suka ce in jira. Har yau ina jira.

Modu zai kira ka, yana so ka tsaya masa a matsayin mai shaidar halinsa a fom ɗin aikin. Don Allah kada ka sa masa hannu. Idan ya tambayi dalili, ka ce ni na hana. Ina so ya sani.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida mutan gidan.

Ɗanka,
Mustafa