Kowa Ya Samu Kati Ban Da Ni

Daga:
Coralie Fontenette,
Lamba 14B, Titin Pecan,
Bayou Cendre, Louisiana.

Zuwa ga:
Mai girma Alcide Melancon,
Shugaban Sashen Rajistar Masu Laifin Lalata da Sa Ido a Kansu,
Gundumar St. Amable.

23 ga Satumba, 2013

Game da: Sakin Royce Guidroz, da katin sanarwar da aka raba wa maƙwabta, da rashin sanar da ni

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan aiki yana tafiya daidai, ina roƙon ka yi haƙuri da rubutuna. Iyakacin karatuna sakandare, kuma ban taɓa rubuta wa hukuma ba.

Ranar Alhamis, 12 ga wannan wata, ina durƙushe a bayan kantar nama ina jera kaya a kantin Dugas inda nake aiki, sai Madam Earline da Madam Verna, tsofaffi biyu 'yan cocinmu, suka tsaya jiran a yanka musu nama. Ba su gan ni ba. Na ji Madam Earline ta ce, "Ke Verna, sa tabarau ki karanta da kyau. Yarinya ta cikin gida aka rubuta. To 'ya'ya nawa Yvette ta haifa?" Madam Verna ta ce, "Rufa mana asiri, uwar gulma, a nan fa take aiki." Sai ɗayar ta ce, "Shi ya sa ba ta kallon mutum a ido, baiwar Allah." Ban tashi ba har suka gaji da buga ƙararrawar kiran ma'aikaci suka tafi.

Yvette mahaifiyata ce, kuma ni kaɗai ta haifa. Abin da suke karantawa katin da doka ta ce a aika wa maƙwabta ne idan mai irin wannan laifi ya dawo unguwa. Mutumin da ke jikin katin, Royce Guidroz, mijin mahaifiyata ne. An ɗaure shi a shekarar 2003, ina da shekara goma sha biyu, kuma a kaina aka ɗaure shi. Da izininka zan kawo ƙorafina kamar haka.

1. An sake shi ranar 19 ga Agusta, ba wanda ya gaya mini. Katin ya shiga akwatin wasiƙar kowane gida da ke cikin mil ɗaya daga inda ya sauka. Mai gyaran taya ya samu. Fada, limamin cocinmu, ya samu. Har gidan da ba kowa a ciki tun ambaliyar bara an jefa masa nasa. Ni ɗakina yana tsallaken gada, ya fita daga da'irar da kuka zana da ɗan kaɗan, saboda haka a wurin doka ban shiga cikin waɗanda ya kamata su yi hattara da shi ba. Daga sakinsa zuwa ranar da na ji tsofaffin nan, kullum a ƙafa nake bin gefen ruwa zuwa aiki, ni kaɗai, kunnena toshe da waƙa.

2. Katin ya tona ni. Lokacin shari'a an fitar da kowa daga kotu, an rubuta haruffa biyu a maimakon sunana, kuma wata mata daga ofishin lauyan gwamnati ta riƙe hannuna ta ce sunana a rufe yake har abada. Na yarda da ita. Mama ta gaya wa mutane maganar ƙwaya ce ta kai shi kurkuku, ni kuma ban taɓa ƙaryata ta ba. Gaskiya ne babu sunana a katin. Amma akwai hotonsa, akwai shekarar, akwai sunan laifin da ya nuna yarinyar ta cikin gidansa ce. A garin da kowa ya san motar kowa, ranka ya daɗe, da an rubuta sunan nawa ma ai duk ɗaya ne.

Mai kantinmu ya manna katin a allon bakin ƙofa, tsakanin tallar kwale-kwale da sanarwar cin kifin coci. Ba da mugunta ya yi ba, cewa ya yi don iyaye su gani. Daga inda nake tsayawa ina hango fuskar tun safe har a tashi. Yanzu idan na juyo sai hira ta mutu. Wata ta kama hannuna ta saman kantar nama ta ce tana sa ni a addu'a, alhali safar aiki ce a hannun, kuma ban roƙe ta ba. Wani direban babbar mota da na ƙi ba lambar wayata tun bara ya ce wa abokinsa, da ƙarfi don in ji, "Ashe ustaziyar tamu ta daɗe da sanin gari." Ba tausayi nake nema da na rubuta wannan ba. So nake ya shiga takarda cewa shi an sa masa ido, ni kuma an sa mini idon gari duka.

3. Ranar Talata, 17 ga wata, na zo ofishinka a lokacin hutun cin abincina. Ma'aikaciyar da ke taga ta karɓe ni da mutunci, ba ni da ƙorafi a kanta. Ta duba ta ce ai an aika mini da wasiƙar sanarwa tun watan Yuli. Na tambayi adireshin. Ta karanto: lamba 6, Hanyar Levee. Wannan gidan Mama ne, inda nake lokacin ina 'yar shekara goma sha biyu. Na bar shi tun da na gama makaranta. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa ni ce zan zo in sauya adireshi, kuma ban san yadda yarinya za ta san haka ba. Sai na roƙe ta ta duba adireshin da ke jikin katinsa. Ta duba, ta tashi ta ce bari ta kira wani. Wanin yana taro. Lokacin hutuna ya ƙare, na tafi.

Adireshin ɗaya ne, ranka ya daɗe. An aika wasiƙar gargaɗina gidan da shi zai sauka.

4. Wannan gida ina zuwansa kowace Litinin da yamma tun da na bar shi, saboda ranar ce Mama take dafa jan wake da shinkafa. Ina da makulli. A tsakiyar Agusta ta kira ni ta ce kada in zo, ana gyaran bututun ruwa. Mako na gaba ta ce ƙasan ɗakin girki suka fasa. Tun daga nan ita take kawo mini waken kanti a roba, ta ajiye, ta ce tana sauri. Ban kawo komai a raina ba sai abu ɗaya: babu tafarnuwa a ciki. Mama ba ta dafa wake ba tafarnuwa. Mutum ɗaya na sani a duniya da ba ya cin tafarnuwa, kuma shekara goma ba a yi girki don bakinsa ba. Na ci waken nan har sau uku ina ce wa kaina mantawa ta yi.

Da a ce wata Litinin na ga dama na je ba sanarwa, na sa makullina na buɗe, wa zan tarar a kujerar da ke gaban talabijin? A iya sanina an hana shi kusantata. Ban gane yadda aka amince masa da gidan da nake da makullinsa ba.

Saboda haka ina roƙonka, cikin ladabi:

a. A gyara adireshina zuwa wanda ke saman wannan takarda, kuma duk wani motsi nasa a sanar da ni kai tsaye, ba ta hannun kowa ba.

b. A sake duba amincewar da aka yi masa ta zama a lamba 6, Hanyar Levee.

c. Idan za a sake raba kati, a rubuta laifin ta yadda ba zai nuna ni da yatsa ba. Ni nawa ya riga ya wuce. Amma na san akwai wasu irina a gundumar nan da har yanzu suke tsammanin sunansu a rufe yake.

Ba na adawa da dokar. Akwai yara a Hanyar Levee, kuma gara iyayensu su sani. Ina fatan samun amsa a rubuce. Na gode da lokacin da ka ba takardata, Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Coralie Fontenette

Na ƙara wannan da biro bayan na sa hannu. Ma'aikaciyar ta gaya mini cewa kafin a saki mutum, jami'i yakan je gidan da zai sauka, ya tambayi mai gidan baki da baki su wa ke zaune a ciki, su wa kuma ke zuwa. Lokacin Royce yana kurkuku, saboda haka Mama ita kaɗai ce a bakin ƙofa, ba mai tsorata ta. Idan ta faɗi sunana kuka amince duk da haka, laifin ofishinka ne, kuma ka gafarce ni, addu'ar da nake yi ke nan. Yau Litinin. Ta kawo waken ɗazu, na karɓa, na ce na gode, na kasa tambayarta. Kai nake tambaya, ranka ya daɗe: da jami'inka ya tambaye ta wa ke zuwa gidan, ta faɗi sunana?